Amsar Kaka Kan Bugun Gwangwani

Amaryata, saƙonki ya iso, ƙaninki ya karanta mini. Kin ce daren da wata ya yi zazzaɓi kin ga yaran unguwarku suna dukan gwangwanaye da murafun tukwane. Kina tambaya daga ina al'adar ta fito, kuma me ya sa har masu boko ke yarda da abin da ba shi da tushe.

Ni ma na buga. Muna yara aka ce mana rana ce ta kama wata don ya bi hanyarta, sai an yi ta kiɗa da magiya za ta sake shi. Mu yi ta duka har hannu ya yi ciwo, can sai ga wata ya fito fes. To wa ya isa ya ce ba mu muka cece shi ba? Ba a taɓa bugawa ya ƙi fitowa ba. Ba a kuma taɓa gwada barin bugun a ga abin da zai faru ba.

Alhali inuwar duniya ce ke faɗawa kan wata idan ta shiga tsakaninsa da rana, kuma lissafi ne da ake yi tun kafin lokacin. Ko husufin rana na 29 ga Maris 2006, da Katsina da Gusau suka yi duhu da hantsi, ai rediyo ya sanar tun da wuri. Malamanmu ma ba su koya mana kiɗa ba. Ranar da Ibrahim ɗan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ce. Ya ce a'a, rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, a tashi a yi salla.

Amma kada ki yi saurin yi wa yaran dariya. Ki tambayi babanki, mai digiri, abin da ya yi a Agustan 2014. Ebola ta shigo Legas, sai ga waya tana ruri kafin asuba: a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Ba boka ya kira mu ba, gwaggonki ce, tana kuka. Wa zai ce wa 'yar'uwarsa kawo hujja da ƙarfe uku na dare? Likitoci sun ce a wanke hannu, a guji taɓa mara lafiya, a jira. Jiran nan shi ne ɗan Adam ba ya iyawa idan tsoro ya kama shi. Yana son abin da zai yi da hannunsa yanzu-yanzu, gishiri kuwa ga shi a madafa, ba tsada. Duk gidan nan muka yi wankan, har ni. An samu waɗanda shan gishirin ya kai asibiti, wasu ma suka rasu.

Cutar ba ta wuce Legas da Fatakwal ba, kuma a watan Oktoba aka ce ƙasar ta rabu da ita, da aikin masu bin sawun duk wanda ya taɓa mara lafiya. Kishiyarki kuwa, kakar taki, har gobe cewa take gishirin ne ya tsare mu, tunda ga mu da rai. Na gaji da musu da ita. In kin zo hutu ki gwada sa'arki. Ki gaida mutan gida.