Ummi, ga amsar tambayarki kan arba'in ɗin Hajiya

Ummi, saƙonki ya iso ni tun daren Talata, masu zuwa gaisuwa ne ba su bar ni na zauna ba sai yau. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, Ya kai haske kabarinta.

Kin ce kanki ya ɗaure. Babanku ya ce ba za a yi sadakar arba'in ba domin bidi'a ce, Baffanku kuma yana ta lissafin rumfa da kujeru da kalanda mai hotonta. Kika tambaye ni daga ina uku da bakwai da arba'in suka samo asali, kuma wa ya fi gaskiya a cikinsu. Dukansu biyu ni na goya su, na san kowanne son uwarsa ne yake magana a bakinsa. Bari in gaya miki abin da na tashi na gani.

Muna yara a cikin birni, idan aka yi rasuwa, maza su shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata su cika tsakar gida, kwana uku ana karɓar gaisuwa. Gidan mutuwa ba ya ɗora tukunya. Maƙwabta ne ke shigowa da kwanuka, wannan tuwo, wannan kunu, har a rasa wurin ajiyewa. Ran uku a jiƙa gero a daka gumba, a dunƙula a raba wa yara da almajirai, malamai su yi addu'a a watse. Ran bakwai a sake, ran arba'in a gidanmu waina ake toyawa a aika gida-gida. Ba na tuna an taɓa cin bashi saboda wannan. Amfaninsa a wajen mata babba ne, domin a zamanin kulle ranakun nan ne dangi na nesa, waɗanda labari bai isa gare su da wuri ba, suke samun izinin fita su zo su ga 'yar'uwarsu. Mai takaba kuwa, wadda za ta yi wata huɗu da kwana goma a ɗaki, ranar arba'in takan zame mata ranar da gida ke sake cika bayan ƙafa ta ɗauke.

Ta fuskar addini, abin da malamai suka karantar da mu a Islamiyya shi ne, makoki kwana uku ne, in ban da matar mamaci. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a dafa wa iyalansa abinci, don abin da ya same su ya shagaltar da su. Ka'idar ke nan: a kai wa masu rashi, kada a ɗora musu. Sadaka kuma tana isa ga mamaci, wannan babu jayayya. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi wace sadaka ta fi saboda mahaifiyarsa, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya. Inda aka rabu shi ne ware rana ta musamman. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978, kuma tafsirin Malam Abubakar Gumi yana shiga gidaje ta Rediyon Kaduna, gidaje da yawa suka bar bakwai da arba'in. Wasu malaman, musamman na ɗariƙa, suna ganin babu laifi muddin ba a ɗauke shi farilla ba. Babanku a ɓangaren farko ya yi karatu. Hajiya kuwa 'yar gidan Tijjaniyya ce, ba ta fashin lazimi safe da yamma, amma da azumi rediyonta na kan tafsirin Kaduna, ban taɓa jin ta zagi malamin kowa ba.

Ita nake so ki duba, domin ke a tsohuwa kika san ta, mai carbi da goro, mai kiranki kishiya tana tsokanarki. Mu mun san ta da farin kaya da agogo a ƙirji.

Lokacin da ta shiga aikin jinya, 'ya'yan Musulmi mata da ke cikinsa a Kano ba su da yawa. Ana cewa aikin marasa kunya ne, mace tana kwana a waje, tana taɓa jikin mutane. Dangin Alhaji, mahaifinmu, sun yi ta zuga shi ya hana ta. Amsarta ɗaya ce ko yaushe: Rufaida, sahabiyar da aka kafa wa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, har Sa'adu ɗan Mu'azu a tantinta aka kwantar da shi bayan yaƙin Handaƙ. Takan ce in mu ba mu shiga ba, wa zai karɓi haihuwar matanmu? Yawancin shekarunta a ɗakin haihuwa ta yi su, a babban asibitin Ƙofar Mata, wanda aka sa wa sunan Janar Murtala bayan kashe shi a 1976. Ta dawo daga aikin kwana ido jawur, ba za ta kwanta ba sai ta ga kowa ya karya ya tafi makaranta. Sannan a buga ƙofa: Sista, matar wane na naƙuda tun jiya. Ta yafa mayafi ta ɗauki jakarta. Shekarar sanƙarau, 1996, da marasa lafiya suka cika Asibitin Zana har waje, ritaya ta kusa, amma da aka nemi ƙarin hannu ta tafi. Makonni ba ta yarda jikokinta su taɓa ta sai ta yi wanka ta sauya kaya a zaure.

Yadda take yi da al'ada shi ne abin da ya shafi tambayarki. Jego ta fi kowa riƙe shi. Duk 'yar da ta haihu a danginmu gida take dawowa wankan arba'in, Hajiya da kanta ke tsayawa a kan ruwan zafi da ganyen darbejiya, ta ce mai jego tana bukatar hutu da uwa a kusa. Amma kunun kanwa ta rage shi ƙwarai, mai hawan jini ko kumburin ƙafa kuwa ko kurɓa ba za ta yi ba, kuma ba a kwantar da kowa a gadon wuta a gidanta. Ta ga mata da yawa da aka kawo bayan haihuwa jiki a kumbure, numfashi sama-sama, zuciya ta gaza. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun yi bincike a kan wannan a shekarun 1970, suka danganta shi da gishirin da ke cikin kanwa da tsananin zafin da ake gasa mai jego da shi. Dakashi ma haka. Tsofaffi na cewa a matse a zubar, nonon farko ba shi da kyau, ita kuwa sai ta sa jariri a nono tun a ranar. Kakarmu ta wajen uba ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwarta saboda ta hana wanzami cire wa babanku beli. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Kullum da safe sai ta je ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye mata fura, beli kuma yana nan a bakin babanku har yau.

A gefe guda kuma, matar da ta yi karatun boko, ta yi aiki da Turawa, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda ni ce 'yar fari. “Ita waccan” take cewa. Ina ƙarama abin yana ci mini rai. Sai a jinyarta ta ƙarshe, da dare, na ji tana jero mu a addu'a, ta fara da “babbarsu”, ta daɗe a kaina kafin ta wuce. Ni ma ga shi ba na iya faɗin sunanki na yanka, tunda nata ne. Wannan kunyar ba ta cutar da kowa, sai ta bar ta yadda ta same ta.

To da wannan mudun nake auna maganar ƙannena. Rumfa da kalanda da rabon robobi masu hoto ban yarda da su ba, kuma zan gaya wa Baffanku da bakina. Wannan ba al'adar da muka gada ba ce, biki ne ya shigo makoki, kuma Hajiya ko hoton fasfo sai da dalili take tsayawa a ɗauka. Amma ba zan rufe ƙofa ran arba'in ba. Ƙannenta biyu za su taso daga ƙauye, tsofaffin abokan aikinta da suka rage za su zo da sandunansu, ba wanda zai ce musu su koma. Za a dafa abin da za su ci, a toya waina a miƙa wa maƙwabta, wanda ya ga dama ya yi addu'a. Babanku in zuciyarsa ba ta natsu da ranar ba, ya zo washegari, ba zan riƙe shi da komai ba, kuma kada in ji wani ya kira shi marar son uwa.

Kuɗin rumfar kuwa ga inda nake so su tafi. Hajiya tana da wata tsohuwar jaka da take tara canji a ciki. Duk ƙarshen wata, har bayan ritaya, takan ba wata nas da ta amince da ita, a saya wa matar da aka kawo ɗakin haihuwa ba ta da kuɗin safar hannu ko ruwan ƙari ko jini. Ba mu sani ba sai ran uku, da nas ɗin ta zo gaisuwa ta faɗa tana kuka. Ina so mu ci gaba da wannan, kowa da abin da ya sawwaƙa, kowane wata. In Allah Ya hore, a haɗa da rijiyar burtsatse a ƙauyensu, kamar yadda Sa'adu ya yi. A kan wannan na tabbata babanku da Baffanku ba za su saɓa ba.

Ku jikoki ma da naku aikin. Akwai ƙawarta ta Fagge da suka yi makarantar jinya tare, idonta ya tafi, 'ya'yanta duk suna nesa. Hajiya duk Juma'a sai ta aika mata da abinci. Ziyartar aminan iyaye bayan rasuwarsu yana cikin biyayyar da addini ya ambata. Ke ce mai sunanta, ke ya kamata ki fara zuwa, ki zauna ki bar ta ta ba ki labari, ta san abubuwan da ni ma ban sani ba.

Ki zo tun ran Laraba ki taya ni gyaran ɗakinta, ni kaɗai na kasa buɗe akwatin. Kayan sawa da sauran dukiya sai an yi rabon gado, ba mai taɓawa. Agogon ƙirjinta ne kawai ta ba ki tun tana da rai, a gaban babanku, ta ce in ajiye miki har ki gama makaranta. Yana wajena, na sa an sauya masa batir. Ki gaida mamanki, ki ce mata na gode da kunun da ta yi ta aikowa.

Gwaggonki.