A bar filin Baba tukuna

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka gama digiri a kimiyyar jikin ɗan'adam a BUK da sakamako mai kyau, bautar ƙasa ta kusa ƙarewa, kana son shiga binciken lafiya, Baba kuma ya ce zai sayar da filinsa na wajen Panshekara a biya maka mastas a Ingila. Kana tambaya wace jami'a za ka nema. Ba zan faɗa maka jami'a ba. A bar filin nan tukuna.

Akwai abu uku da ake cakuɗawa a gida: likita daban, ma'aikacin ɗakin gwaji na asibiti daban, mai bincike daban. Digirinka bai ba ka damar duba mara lafiya ba, bai kuma ba ka damar sa hannu a sakamakon gwajin asibiti ba. A Najeriya wannan sai mai lasisin MLSCN, hukumar da ke kula da ma'aikatan ɗakin gwaji na asibiti. A Ingila sai mai rajista da HCPC, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya, kuma kafin nan sai cibiyar IBMS ta masana gwajin asibiti ta duba kwasa-kwasan da ka yi, sau da yawa ta ce ka ƙaro wasu, sannan ka samu ɗakin gwajin da aka amince wa ka cike kundin horo. Mastas ba ya maye gurbin wannan. Masu zuwa da tunanin suna gamawa asibiti zai ɗauke su, da yawansu a gidan kula da tsofaffi suke ƙarewa. Shi bincike ba ya neman lasisi, hannu yake nema.

Mastas ɗin da za a sayar da fili saboda shi shekara ɗaya ne. Mafi yawansa zaman aji ne, aikin hannu sai watanni uku ko huɗu na ƙarshe. A manyan jami'o'i kuɗin makaranta kaɗai yakan haura fam 20,000. Ga harajin lafiya na fam 776 a shekara da ake biya tun wajen neman biza, ga gwajin tarin fuka, ga kuɗin zama da dole su kwana 28 a jere cikin asusu ba tare da sun ragu ba. Aiki awa 20 a mako aka yarda maka lokacin karatu, kuma ba ya biyan kuɗin makaranta, da ƙyar yake riƙe haya. In ka yi aure kafin tafiya, tun Janairun 2024 ɗalibin mastas na aji ba ya tafiya da iyali.

Digirin digirgir kuwa a wannan fanni ba a biyansa daga aljihu. Duk wanda ya ba ka gurbi ya ce ka zo da kuɗinka har da na sinadarai, ɗan ƙwadago na kyauta yake nema. A Amurka ana shiga kai tsaye da digirin farko, shekara biyar zuwa shida, a ɗauke maka kuɗin makaranta a riƙa ba ka alawus, kuma yawancin jami'o'i suna rufe karɓar takardu a farkon Disamba. Sai dai dokokin bizarsu ga 'yan Najeriya na ta sauyawa, ka duba halin da ake ciki kafin ka kashe kuɗin fom. A Ingila guraben da UKRI, hukumar gwamnati mai ba da kuɗin bincike, ke biya, kashi 30 cikin ɗari ne iyakar abin da baƙi za su samu. Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, amma sai ka kulle kusan yuro 12,000 na shekara a asusu. Tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya na neman shekara biyu na aiki. TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, ba naka ba ne yanzu.

Duk waɗannan ƙofofi abu ɗaya suke tambaya: me hannunka ya iya, kuma wa zai tsaya maka shaida? Nan ne takardarmu ke ba mu kunya, domin an karantar da mu PCR, hanyar ninka ƙwayar gado ta DNA a na'ura, a allo har mun haddace, amma ɗalibai talatin ne suka kewaye na'ura ɗaya suna kallon wani yana dannawa. Kada ka rubuta ka iya abin da kallonsa kawai ka yi. A hira ta minti ashirin za a gano ka. Za a ce: ka tsamo DNA daga jini, na'ura ta nuna maka ma'aunin tsabtar samfur na 260 bisa 280 ya tsaya a 1.5, me ke nan? Wanda ya taɓa yi ya san ana son kusan 1.8, ƙasa da haka alama ce ta furotin ko ragowar sinadari sun gurɓata samfurin. Ko a ce bututun da ka zuba wa ruwa zalla, wanda bai kamata ya nuna komai ba, ya fito da layi a kan jel ɗin da ake duba sakamakon PCR. Amsar ita ce a zubar da sakamakon gaba ɗaya, a buɗe sabon ruwa da sababbin sinadarai, a goge teburi, a raba wurin haɗa gwaji da wurin buɗe abin da aka riga aka ninka. Mai cewa sauran layukan ai sun yi kyau, a nan hirarsa ta ƙare.

Kuma wannan ana koyonsa a Kano. Gwajin maganin haidiroksiyuriya don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, wanda duniya ta karanta sakamakonsa, a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala aka yi babban ɓangarensa, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Irin waɗannan ayyuka suna buƙatar masu karɓar samfur, masu juya jini, masu shigar da bayanai. BUK na da cibiyar binciken lafiyar al'umma ta ACEPHAP. Ka je da ƙafarka, ka nemi malamin da ke da aiki mai tallafi a hannu, ka ce za ka yi ko da ba albashi na wata shida. Ka karɓi aikin da wasu ke rainawa: lakabin bututu, rubuta zafin firizar da ke ajiye samfur a 80 ƙasa da sifiri safe da yamma, sanin abin yi idan wuta ta ɗauke janareto bai tashi ba. Samfurin da ya narke ya sake daskarewa sau da yawa ya lalace, musamman RNA, 'yar'uwar DNA mai saurin lalacewa, kuma babu mai gane hakan da ido sai sakamako ya fara ƙarya. Bayan Kano akwai cibiyoyin bincike irin su NIMR a Yaba, ACEGID a Ede, WACCBIP a Jami'ar Gana da cibiyar MRC a Gambiya. Wasiƙa daga ɗaya cikinsu ta fi mastas ɗin da aka saya nauyi.

Da dare ka koyi R, manhajar lissafin bayanai, a kwamfutarka, kyauta ne. Wanda ya iya tsaftace bayanan marasa lafiya ya fitar da lissafi mai ma'ana ba ya rasa wurin zama. Ka yi kwas ɗin ƙa'idojin gwaji a kan mutane, shi ma akwai na kyauta a intanet. Ɗan Kano bai kamata a tuna masa dalili ba: 1996, annobar sanƙarau, yara 200 a gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer, shari'ar da sai 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha, da rashin yardar da ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003. Duk takardar neman yarda da za ka karanta wa uwa da Hausa, wannan tarihin na tsaye a bayanka.

Mujallun da ke karɓar kuɗi su buga maka takarda cikin mako guda, ka guje su. Masu tantancewa sun san su, kuma takarda biyar a can na rage maka daraja. Sunanka na shida a takarda ɗaya ta gaskiya ya wadatar. Takardar sakamakonka ta jami'a ka fara nemanta tun yanzu, tana ɗaukar lokaci, kuma babu mai ɗaga maka ranar rufewa. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu yake aiki, kada ka yi ta da wuri. Imel ga farfesa kada ya wuce layi goma: aikinsa da ka karanta, abin da hannunka ya yi, tambaya ɗaya. Ban da dogayen gaisuwa da labarin halin gida.

Ka kuma san abin da ke jiranka bayan digirgir: kwangila ta shekara biyu ko uku, albashin da bai kai na likita ba, da bizar da ke rataye da aikin. Gwaji ya ƙi fitowa wata da watanni, a gida kuma ana kiranka dakta ana turo maka hoton magani. Muna yi, kuma ba za mu musanya shi da wani aikin ba, amma wanda ya shigo don hanyar fita ce kawai ba ya daɗewa.

Ka gaya wa Baba ya ba ka shekara ɗaya. In ka samu malamin da ya yarda ya karɓe ka, turo min sunan aikin da abin da aka sa ka yi, sai mu zauna kan takardar neman gurbi. Ka gaishe min da Umma.