Tsohuwar mota da tsadar fetur: me ya kamata ɗan kasuwa ya fara gyarawa?

Wani ɗan kasuwa da ke saro dankalin turawa da kabeji a kasuwar Farin Gada da ke Jos yana kaiwa Abuja ya aiko da tambaya. Ya ce Golf 3 ɗinsa tana cinye masa riba a gidan mai, kuma an ba shi shawara biyu: ko ya sa mata tukunyar gas ta CNG, ko ya sayi wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a bututun mai wadda aka ce tana rage sha. Yana son ya san inda ya dace ya zuba kuɗinsa.

Alhaji, tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, mai ya zama babban abin da ke yanke wa mai jigila riba, don haka tambayarka tana kan hanya. Sai dai kafin ka kashe ko sisi, ina so ka san ainihin abin da motar take sha, domin yawancin masu cewa mota tana shan mai da allurar geji suke awo, ita kuwa allurar tsohuwar mota ba abar dogaro ba ce. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka rubuta lambar kilomita, ka je Abuja ka dawo, sannan ka sake cikawa a famfo ɗaya. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da tafiyar ta ci. Zuwa da dawowa ta Akwanga da Keffi ya kusa kilomita 600. Idan, alal misali, motar tana shan lita 12 a kowace kilomita 100 kuma ka sauko da ita zuwa 10, ka tsira da lita 12 a kowace tafiya, wanda ga mai zuwa sau biyu a mako ya kusa lita 100 a wata.

Gyaran da ya fi biyan kuɗinsa shi ne mayar da motar yadda kamfani ya ƙera ta. Tambayi bakanikenka ko tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, yana nan, domin al'adar da yawa daga cikin masu gyaranmu ita ce su cire shi su haɗa fanka kai tsaye, wai don kada inji ya yi zafi. Injin da bai kai zafin aikinsa ba kuwa ƙarin mai ake ta tura masa kamar yanzu aka tashe shi, kuma a gari irin Jos, mai tsayin kusan mita 1,200 da sanyin hunturu, wannan asarar ta fi ta sauran garuruwa yawa. Haka nan idan an taɓa cire abin tace hayaƙi na cikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi, a duba ko na'urar da ke auna iskar hayaƙin tana aiki, don idan ta mutu mota takan sha mai fiye da kima. Bayan wannan sai fulogi, da matatar iska wadda ƙurar hunturu ke toshewa, da birkin da ke riƙe ƙafa, da saitin ƙafafu. Iskar taya kuma ka auna ta da safe kafin tayar ta ɗumama, bisa adadin da aka rubuta wa mota mai cikakken lodi, kada ka bar wa mai faci ya ƙiyasta da bugun ƙafa.

Na'urar maƙalawa da ƙwayoyin da ake jefawa a tanki, ka bar wa masu su kayansu.

Sauran ragin yana ƙafarka ta dama. Turjiyar iska tana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu, shi ya sa tafiya a kan 80 zuwa 90 ta fi 120 sauƙin mai nesa ba kusa ba, balle idan an ɗaura buhuna a saman mota. Ka hango shingen jami'an tsaro daga nesa ka saki totur da wuri maimakon ka taka birki a bakinsa, ka kuma kashe inji yayin da ake lodi. Abu ɗaya da nake roƙonka ka daina, idan kana yi, shi ne sa mota a firi ko kashe ta a gangaren Hawan Kibo. Mota mai injekta tana yanke mai da kanta idan tana gangarowa cikin giya ba tare da totur ba, don haka firi ba ya rage komai. Ko da an mayar da taka mai kafireto, ɗan abin da za ka samu bai kai haɗarin birki ya yi zafi ya ƙi kamawa da lodi a baya ba.

Batun CNG lissafi ne. Gas ya fi fetur arha sosai, amma tukunyar tana da nauyi, tana cin wurin buhunan da kake samun kuɗi da su, kuma ƙarfin inji yakan ɗan ragu, abin da za ka ji a hawan dawowa. Ka raba kuɗin juyar da motar zuwa gas da abin da za ka rage a wata, bayan ka cire kuɗin buhunan da za ka rasa, ka kuma tabbatar da inda za ka riƙa sha a hanyarka, domin gidajen gas sun fi yawa a ɓangaren Abuja. Idan kuɗin zai dawo cikin shekara guda kuma injin yana da sauran ƙarfi, ka yi, amma a cibiyar da hukuma ta amince da ita; fashewar mota da aka samu a birnin Benin na jihar Edo a watan Oktoba na 2024 daga tukunyar da aka ƙera a gefen titi ta fito.

A ƙarshe, ka riƙa lissafa mai a kan kowane buhu. Idan kana dawowa daga Abuja wayam, dankalin ne ke biyan man tafiya biyu, don haka ka nemi abokan kasuwanci a Terminus ko Bukuru da ke sayo kaya daga Dei-Dei ko Zuba, ku yi yarjejeniyar kuɗin dako na dawowa tun kafin ka tashi.