Amsar tambayar Kawu

Kawu, ina gaisuwa da fatan damina ta yi albarka. Ka tambaye ni cikin zolaya, wai mu da ke Ingila, wuta ba ta ɗaukewa, ruwa na zuba a famfo, me ya rage da muke kai wa Ubangiji kuka a kansa? Na yi dariya, amma tambayar ta kwana a raina.

Wahalar nan ba ta da ƙara, shi ne bambancinta da ta gida. A Wusasa in abu ya sami mutum, kafin ya share hawaye tsakar gida ta cika da tabarmi. A Mancesta kuwa sai ka yi mako a ɗaki ba wanda ya san kana ciki. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Yawancinmu aikin kula da tsofaffi muke yi, wani dare wani rana, ga masu fama da takardun zama, ga waɗanda suka baro mata da yara a gida.

Shi ya sa muka maida tambayar lafiyar juna tamkar farilla. Duk wanda ba a gani ba Lahadi biyu a jere, sai an buga masa ƙofa. Sujadarmu da rana muke yi, a zauren haya, wa'azi da Turanci saboda yara, amma waƙa kam sai da Hausa. Zumuntar mata ba su da tulu, bokitin roba suke bugawa, shi ma a hankali don kada maƙwabta su kai ƙara. Addu'ar asuba kuma a waya ake yinta, wasu na cikin bas suna dawowa daga aikin dare, sai dai ka ji an raɗa amin.

Ka tuna 2020, da Baba ya rasu an rufe filayen jirgi? Kai ka riƙe mini wayar a bakin kabari, hoton na yankewa. Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne, bayan nan na yi wata uku ban iya addu'a ba. In na durƙusa sai haushi ya cika ni. Dokar korona ta hana shiga gidan wani, don haka matan zumunta suka riƙa ajiye mini kular tuwo da miyar kuka a bakin ƙofa, su koma tsallaken titi su tsaya cikin sanyi har sai na leƙo.

Wata dattijuwa 'yar Kagoro ce ta gane halin da nake ciki. Ba ta ce mini in yi haƙuri ba, na riga na ƙoshi da wannan kalmar. Cewa ta yi in buɗe Zabura ta 13, in ga yadda Dawuda ya tambayi Allah har yaushe, sau huɗu, ba kunya. Ta ce, “'Yata, mai yi wa Uba ƙorafi ai bai bar gidan ba.” Daga nan bakina ya buɗe, da faɗa na fara kafin godiya ta biyo baya. Yanzu ni ce mai kiran sababbin zuwa a waya ranar Laraba.

In an sami mai tahowa, a aiko mini da Littafin Waƙoƙin Baba, mai baƙin bangon nan da ya yage. A gaida Goggo da yara.