Kiri-kiri kyauta kake samu, ruwan fa wa ke biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da dashen itatuwa da furanni a bakin titi a Kano. Tun bara na fara dasa wa mutane ciyawar kiri-kiri a tsakar gida, tunda tana jure fari, kuma a bakin fadama nake tono ta kyauta. Na yi gidaje biyar, kowa ya yaba, amma ban san inda kuɗin suka shiga ba. Yanzu ina so in ci bashin naira miliyan ɗaya in faɗaɗa, don na ji masu wannan harka a Abuja har motoci sun saya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye zancen bashin nan tukuna, zancen motocin Abuja ma ka bar shi. Ka yi gidaje biyar ba ka rubuta ko kwabo ba. Nan ciwon yake. Da ka ce "kyauta" sai na gane ka yanka wa aikinka farashi kamar babu abin da ka kashe.

Ciyawar da ka zaɓa ba ta da laifi. Kiri-kiri, wadda wasu ke kira tsarkiyar zomo, 'yar ƙasa ce. Tana yaɗo ta sama, tana bi ta ƙarƙashin ƙasa, da rani ta bushe kamar ta mutu, ruwan farko na sauka ta farfaɗo. Amma wannan juriya ta wadda ta riga ta kafa saiwa ce. Sabon dashe jariri ne, kullum sai an shayar da shi.

Zo mu yi lissafin da ba ka yi ba. Tsakar gida mai murabba'in mita 100, a zafin Maris ko Afrilu, ka ƙaddara kowace mita za ta sha lita 5 a rana. Lita 500 ke nan, wato jarka 20 mai lita 25. A wata guda jarka 600. Ko a naira 100 ɗan ga-ruwa ya bar maka jarka, naira 60,000 ta tafi, ba a zo kan taki ba, ba a zo kan kuɗin a-daidaita-sahun da ya kwaso ciyawar ba, balle yaran da suka yi kaftu. Ranakun da ka bar rumfarka ba mai ciniki ma kuɗi ne.

Na san wani bawan Allah da ya karɓi aikin filin wata makaranta ana tsakiyar bazara. Baki da baki aka yi magana, ya ce musu ciyawar ba ta son ruwa. Sati biyu da dashe injin rijiyar burtsatse ya lalace. Na je na same shi tsugune a filin, yana tono saiwa da yatsa, tana karyewa kamar tsinke. Makaranta ta riƙe cikon kuɗinsa, ta ce ai shi ya ce ba ta son ruwa. Daga aljihunsa ya sake dashen, har babur ɗinsa ya sayar. Har yau abin na ci mini rai, don mutum ne mai ƙwazo.

Sayi littafi yau. Kowane gida shafinsa daban: faɗin fili, jarka nawa aka zuba, kwana nawa aka yi, nawa ka karɓa. Kafin ka ɗaga fartanya, ku sa hannu da mai gida kan wanda zai ɗauki nauyin ban-ruwa na watan farko. In fili na ƙarƙashin inuwar mangwaro ko darbejiya, faɗa masa gaskiya cewa kiri-kiri rana take so, kada ka karɓi aikin da zai dawo maka da rigima.

Sannan ka tara ayyukanka zuwa ƙarshen Yuni da Yuli, lokacin da damina ta zauna, sama ta ɗauke maka kuɗin ruwa. Wanda ya matsa sai da rani, farashinsa daban. Yi gidaje uku a haka da littafinka a hannu, ka turo mini shafukan, sai mu duba ko akwai ribar da za ta iya ɗaukar bashi.