Amsa kan ƙaninka da maganar fita waje buga ƙwallo

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sau biyu na karanta tambayarka kafin na ɗauki waya na fara rubutu. Ka ce ƙaninka ɗan shekara 17 ne, lamba bakwai yake bugawa, wani eja, wato dillalin 'yan wasa, ya zo gida ya ce zai kai shi gwaji Turai in kun haɗa kuɗin biza da na jirgi. Sannan ka ce kai abin da ke ɗaure maka kai shi ne yawon da 'yan wasanmu ke yi ƙasa-ƙasa, har ka kawo Ahmed Musa: Holan, Rasha, Ingila, Saudiyya, Turkiyya, ga shi ya dawo Kano. Shin wannan ba rashin wurin zama ba ne?

Ni na taɓa buga ƙwallo a ƙananan rukuni, na taɓa fita gwajin nan da ake kwaɗaita wa ƙaninka, yanzu kuma yara nake horarwa da yamma. To bari in fara da Ahmed ɗin, don amsar tambayarka ta farko ma tana cikin labarinsa.

Mutane suna lissafa ƙasashen da ya je, suna mantawa da abin da ya yi kafin ya taka jirgi. A Jos aka haife shi a 1992, ya taso a makarantar ƙwallo ta GBS, aka ba da aronsa ga ƙungiyar JUTH ta Jos, daga nan Kano Pillars. A kakar 2009/2010 ya ci ƙwallo 18 a gasar Najeriya, ya kafa tarihin da ba a taɓa kaiwa ba a lokacin, kuma bai ma cika shekara 18 ba. Duk wanda ya zauna a filin Sani Abacha a shekarar nan ya san yadda ake miƙewa tsaye da zarar an tura masa ƙwallo ta gefe. Ka ga kenan ba shi ya tafi neman Turawa da jaka a kafaɗa ba. Su suka zo, da takarda a hannu, suna magana da ƙungiya.

Kuma ina ya tafi? VVV-Venlo ta Holan. Ka tambayi mutum goma a gidan kallo a wancan lokacin, da wuya ka sami biyu da suka san sunan. Venlo ƙaramin gari ne a bakin iyakar Jamus, ƙungiya ce da kullum fafutukarta kada ta faɗi daga rukunin farko. Amma can ɗin ne wurin da yaro ɗan shekara 18 zai buga wasa duk mako, ya yi kuskure a gyara masa, ya koyi tsayuwa in babu ƙwallo a ƙafarsa, abin da galibinmu ba a koya mana a gida. Tijani Babangida ma ta wannan ƙungiyar ya bi a aro daga Roda kafin ya kai Ajax. Ɗan Japan ɗin nan Keisuke Honda shi ma daga can ya wuce CSKA Mosko, Ahmed ya bi sawunsa a Janairun 2012.

Ga abin da nake so ka riƙe da kyau tun da yaronku 17 yake: Ahmed ya riga ya daidaita da Venlo, amma bai buga musu wasa ba sai da ya cika 18 a watan Oktoban 2010. Dokar FIFA ce. Ba a sauya wa yaro ƙasa don ƙwallo kafin shekara 18, sai da wasu dalilai ƙalilan, kamar iyayensa su koma can don wani aiki da ba na ƙwallo ba, ko yaran cikin Tarayyar Turai da ake bari daga shekara 16. Yaron Najeriya da iyayensa ke gida ba ya cikin waɗannan. Saboda haka in ejan nan ya ce muku da an je za a sa hannu, to ko bai san aikinsa ba, ko kuma ya san ku ba ku sani ba. Na biyun ya fi yawa.

Rasha ce ta gina Ahmed, ni a ganina. Makonni kaɗan da zuwansa aka jefa shi wasan Gasar Zakarun Turai da Real Madrid a Mosko, cikin sanyin Fabrairu, aka tashi 1-1. Ya ɗauki kofin gasar Rasha sau uku da CSKA, a 2013 da 2014 da 2016, koci Leonid Slutsky ya yarda da shi har yana mayar da shi lamba tara. Shekara huɗu da rabi a wuri guda. Wanda ya ce ba shi da wurin zama ya tsallake wannan. Daga can ya je Gasar Kofin Afirka ta 2013 aka ɗauko kofi da marigayi Stephen Keshi, daga can ya je Kofin Duniya a Burazil a 2014 ya zura wa Ajantina biyu.

Sai Leicester a 2016, kan kuɗi kimanin fam miliyan 16. A takarda wannan ne ƙololuwa: zakarun Firimiya, Gasar Zakarun Turai, ga shi ya ci Barcelona biyu a wasan share fage tun ba a fara kaka ba. Muka yi ta murna. Amma ka dubi ƙungiyar da ya tarar. Vardy na gaba, Mahrez na gefe, an ƙaro Slimani a bazarar nan, kuma ƙungiyar ta rikice bayan ta ci kofi, har aka sallami Ranieri da ya sayo shi a Fabrairun 2017. In kocin da ya kawo ka ya tafi, ka zama kayan gado, wanda ya gaje ka ba lallai ya san amfaninka ba. Ya ci Everton biyu a Kofin FA, sauran lokacin kuwa galibi benci ne. Gudunsa bai ragu ba, basirarsa ba ta gudu ba. Wurin ne bai karɓe shi ba.

Abin da ya yi bayan nan shi nake nuna wa yarana. Bai zauna yana karɓar albashin Ingila yana ɗaukar hoto ba. A Janairun 2018 ya koma CSKA aro, inda wasu suka ce ya koma baya. Wata biyar bayan haka, a Kofin Duniya da aka yi a Rasha, ƙasar da ya sani kamar tafin hannunsa, ya ci Aisilan biyu a Volgograd. Da ya ƙarasa kakar nan a bencin Leicester, da wace ƙafa zai yi wannan? Daga nan Al-Nassr ta ɗauke shi, suka ci gasar Saudiyya a 2019, shekaru kafin Ronaldo ya sa duniya ta juyo da ido can. Ya rabu da su a 2020, ya yi watanni ba ƙungiya, ya dawo Pillars a 2021 don kada ƙafa ta mutu, sannan Karagumruk da Sivasspor a Turkiyya, sannan gida kuma a 2024.

To ka ga ba yawo iri ɗaya ba ne. Tafiya Holan koyo ce, Rasha ginuwa, Ingila caca ce da ba ta biya ba, Saudiyya kuwa lissafin mai iyali ne da ya san ƙwallo ba ta wuce shekara goma sha wani abu. Ni ba na zargin ɗan wasan da ya bi kuɗi. Gwiwa ɗaya ce tsakaninsa da zaman gida.

Kuma ba shi kaɗai ba. Osimhen ya ci ƙwallo 10 a Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, Wolfsburg ta Jamus ta ɗauke shi, bai ci mata ko ɗaya ba. Sai da ya sauka zuwa Charleroi a Beljiyam ya ci 20, sannan Lille, sannan Napoli. Sadiq Umar ɗan Kaduna ya sa rigar Roma tun yana yaro, aka yi ta jefa shi aro daga nan zuwa can, har Rangers ta Sikotilan, bai sami kansa ba sai a Partizan ta Sabiya, daga nan Almeria da Real Sociedad. Dukkansu sai da suka bar babban suna suka je inda za a sa su a fili.

Yanzu bari in ba ka nawa labarin, wanda ba na son tunawa.

Ina da shekara 21 wani mutum ya zo filin atisayenmu da mota mai kyau da waya biyu a hannu. Ya nuna mana hotunansa da Turawa, ya zaɓi mu huɗu. Mahaifiyata ta sayar da ɗan kunnenta na zinare, yayana ya ƙara da kuɗin da yake tarawa na aure. Bizar da aka buga mana ta yawon buɗe ido ce, ban san bambancin ba sai daga baya. Muka sauka a wata ƙasa ta gabashin Turai, aka kai mu wani ɗaki mai gado biyu, mu huɗu. Gwajin da aka yi mana alkawari ya zama wasa ɗaya a wani fili bayan gari, da wasu samari 'yan Afirka irinmu, kusan mu talatin, kowa ejansa ya kawo shi. Wani dattijo ya tsaya a bakin layi da hannu cikin aljihu, bai rubuta komai ba, bai tambayi sunan kowa ba. Na buga minti 25 a lamba biyu, wurin da ban taɓa bugawa ba, yatsuna sun ƙage don sanyi. Bayan kwana tara ejan ya ce zai je wani gari ya yi magana da shugaban wata ƙungiya. Da fasfo ɗinmu a jakarsa ya so tafiya, Allah ya taimake mu babban cikinmu ya ƙi. Ba mu sake ganinsa ba. Wani ɗan kasuwa Bahaushe da muka haɗu da shi a masallaci ranar Juma'a shi ya ciyar da mu har aka turo mana kuɗin canza tikiti. Ranar da na dawo, mahaifiyata ba ta ce min komai ba, ta dai zuba min abinci. Na gwammace ta yi faɗa.

Shi ya sa in iyaye suka zo min da irin maganarka, tambayar farko da nake yi ita ce: wa zai biya? Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke aiko takardar gayyata da tambarinta, da ranar farawa da ranar gamawa, kuma yawanci ita ke ɗaukar masauki da abinci. Ku nemi adireshin ƙungiyar da kanku a shafinta na intanet, ba lambar da ejan ya ba ku ba, ku tambaye su ko sun san da zuwan yaron. Ku tambayi ejan lasisinsa na FIFA. Tun 2023 sai mutum ya cika sharuɗɗa, galibi har da jarrabawa, kafin a ba shi, kuma ana iya duba sunan mai lasisi a shafin FIFA. In ya fara cewa ai shi yana aiki ne da wani babba a can, ko ya ce a yi sauri kasuwa za ta rufe, ku ba shi ruwa ya sha ya tafi. Fasfo kuwa kada ya bar jikin yaro ko da minti ɗaya.

In Allah ya sa an kai ga kwantiragi wata rana, kada a sa hannu kan harshen da ba a ji. A nemi fassara, a ba lauya ya karanta, yaro ya riƙe kwafinsa. A duba albashin nan kafin haraji ne ko bayan haraji, wa ke biyan gida, wa ke biyan asibiti in ya ji rauni, tikitin dawowa hutu na kan wa. Mutane da yawa ba su san cewa in ƙungiya ta riƙe wa ɗan wasa albashin wata biyu, yana da damar rubuta mata takarda ya ba ta kwana 15, in ba ta biya ba ya raba gari da ita kuma ya kai ƙara FIFA. Amma wannan hakkin na mai kwantiragi ne da aka yi wa rajista. Wanda ya shiga da bizar yawo yana buga wasa a ɓoye ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Akwai wani abu kuma da ake rainawa. Ka tabbata ƙungiyar da yake bugawa yanzu tana da rajista da hukumar ƙwallon jiha, kuma sunansa da ranar haihuwarsa ta gaskiya suna cikin takardunta. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Kocin da ya san zai ci moriyar wannan nan gaba ba zai yi gaggawar miƙa yaro ga ɗan damfara ba. Maganar rage shekaru kuma, don Allah ku bar ta. In takardu suka ci karo da juna wata rana, yaron ne zai kwana a ciki, ba wanda ya ba da shawarar ba.

Da ƙanina ne, shekarar nan da ta rage masa kafin 18 a gida zai yi ta. Ya nemi shiga ƙungiyar rukuni na biyu ko ƙaramar ƙungiyar ɗaya daga cikin manyan, ya buga kaka guda cikakkiya inda ake rubuta sakamako, a riƙa ɗaukar wasanninsa a bidiyo daga farko har ƙarshe, ba guntun yanka da kiɗa a kai ba. Ya ƙarasa sakandare, ya gyara Turancinsa, don koci ba zai jira tafinta a tsakiyar wasa ba. Ya koyi dafa abinci da wanke kayansa, ba wasa nake ba, kaɗaici da yunwa sun dawo da yara gida fiye da yadda rashin iya ƙwallo ya dawo da su. Kuɗin da kuka fara haɗawa ku saya masa takalma biyu masu kyau, sauran ku ajiye.

Ka turo min hoton takardar gayyatar da ejan ya ce yana da ita, ka rufe sunan yaron. In kuma ya ce takardar sai an biya rabin kuɗi za ta fito, ka faɗa min wannan ma.