Cajin waya a Saudiyya da Nijar

Malam, ka tambaya ko cajar da ka saya a kasuwar Sakkwato za ta yi aiki idan ka tafi Umara ko ka shiga Yamai fatauci.

Saudiyya ba matsala, domin soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu. Nijar kuwa galibi tsarin Faransa take bi, mai ramuka biyu zagayayyu, saboda haka ka tanadi adafta tun kafin ka tsallaka Illela. Ka duba ƙananan rubutun jikin cajar, idan an sa 100-240V, ko wutar Amurka mai 120 za ta ɗauka. Fawa-bankinka ya zauna a jakar hannu, domin kamfanonin jirage sun hana sanya shi cikin manyan akwatuna saboda tsoron gobara.